Dogon littafin almara, a saurare shi dukansa

Littafin saurare shi ne wanda wani gwani ya zauna a ɗakin naɗar murya ya karanta, aka naɗa, domin mutum ya ji da kunne maimakon ya bi da ido. Iri biyu ne. Akwai taƙaitacce, wanda edita ya zaftare wasu babuka da bayanai don a rage masa tsawo. Akwai kuma cikakke, wanda aka karanta tun daga kalmar farko har ta ƙarshe. A dogayen littattafan almara na Turawa, masu cike da sarakuna da matsafa da dodanni da ƙasashen da babu su a taswirar duniya, tazarar da ke tsakanin biyun babba ce, kuma cikakken ne kaɗai ya cancanci lokacin mai saurare.

Asalin abin domin makafi aka yi shi. A shekarar 1931 Amurka ta kafa dokar samar wa makafi littattafai, kuma zuwa 1934 an fara naɗar karatu a faifan garmaho ana raba musu. Ingila ta bi sahu a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da kaset ya yaɗu sai masu ido ma suka shigo ciki, har aka kafa kamfanin Books on Tape a 1975, yana ba masu doguwar tafiya a mota hayar littattafai. A zamanin kaset ne taƙaitawa ta samu gindin zama, kuma dalilinta na kasuwa ne zalla. Mai karatu yakan karanta kalmomi wajen 9,000 a cikin awa guda, kaset ɗaya kuma minti 90 yake ɗauka. Ke nan littafin awa 45 sai ya ci kaset 30, ga tsada ga nauyin kaya. Sai kamfanoni suka riƙa matse littafi ya koma awa uku ko shida, ya shiga kaset biyu ko huɗu. Wannan uzuri ya kau tun da aka koma sauke littafi ta intanet. An kafa Audible a 1995, Amazon ya saye shi a 2008, yau kuma littafin awa 60 yana zaune a wayar hannu ba tare da ya ƙara mata nauyi ba.

Girman waɗannan littattafai sai an faɗa da lissafi. The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, ya haura awa 50 a karatun da Rob Inglis ya naɗa a 1990. The Way of Kings na Brandon Sanderson, littafi ɗaya tak, ya kai awa 45. The Wheel of Time kuwa, wanda Robert Jordan ya fara a 1990 ya rasu a 2007 bai ƙarasa ba, Sanderson ya kammala masa a 2013, littattafai 14 ne da wani ƙarami na share fage, jimillarsu ta haura awa 450. Wanda yake saurare awa ɗaya kullum zai ci shekara da watanni kafin ya ga ƙarshensa.

Mai neman sauƙi zai ce ai labarin ne abin nema, a zubar da tarkacen. Sai dai a almara abin da ake kira tarkace shi ne ginin. Marubucin da ya ƙirƙiro duniya tasa dole ya koya wa mai karatu yadda ake gaisuwa a cikinta, da abin da ake tsoro, da dokokin da tsafinta yake bi, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da tsawo. A littafin farko na The Wheel of Time akwai wata yarinya mai suna Min da take ganin alamu a kan mutane, tana faɗin su cikin 'yan jimloli kaɗan. Wasu daga cikin alamun ba sa bayyana ma'anarsu sai bayan littattafai da yawa. Editan da yake neman rage awa zai ga jimlolin ba su motsa labari ba, ya share su, alhali ɗan hakin da aka raina shi ne yake tsone ido a gaba. Haka abin yake ga Tolkien. Wasan kwaikwayon rediyo na The Lord of the Rings da BBC ta yi a 1981, mai kashi 26, aiki ne mai kyau ƙwarai, amma ya fitar da Tom Bombadil gaba ɗaya, kamar yadda fim ɗin Peter Jackson ya yi a 2001. Bombadil kuwa shi ne wanda ya sa zoben tsafin labarin, mai halaka masu riƙonsa, a yatsa bai yi masa komai ba, har ya ɗaga shi yana leƙa baƙinsa ta cikin kafarsa yana dariya. Wanda bai ji wannan babi ba bai san cewa akwai iyakar ƙarfin zoben ba.

Nauyin aikin duka yana wuyan mai karantawa, kuma sana'a ce mai wuya. Kowace awa da mai saurare yake ji ta ci awanni a ɗakin naɗi, ana maimaita jimla, ana goge tari da ƙarar juya takarda. Abin da ya fi wahala shi ne rarraba muryoyi. Roy Dotrice, ɗan wasan Ingila, ya shiga kundin Guinness saboda muryoyi 224 da ya yi a A Game of Thrones, littafin farko a jerin George R.R. Martin. Jim Dale ya samu kyautar Grammy sau biyu a karatun Harry Potter na Amurka, Stephen Fry kuma shi ya karanta na Ingila. Inglis ya rera waƙoƙin da ke cikin littafin Tolkien, waɗanda mai karatu da ido yakan tsallake su ba tare da ya ji komai ba. Andy Serkis, wanda ya fito a matsayin Gollum a fim ɗin Jackson, ya sake karanta littafin a 2021 da salon ɗan wasa, mai jan numfashi da ɗaga murya, naɗinsa ya haura awa 60. A The Wheel of Time kuwa miji da mata ne, Michael Kramer da Kate Reading, suka raba aikin: idan ana kallon labari ta idon namiji Kramer ne yake karantawa, idan ta idon mace ne sai Reading ta karɓa. Dabara ce mai amfani, domin da zarar murya ta sauya mai saurare ya san an koma wani gari da wasu mutane, ko da bai ji sunan babi ba.

Saurare yana da nasa naƙasu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Littafin takarda yana zuwa da taswira a farko da jerin sunaye a ƙarshe, mai karatu ya juya ya duba duk lokacin da ya rikice. Kunne ba shi da wannan gata. A jerin da mutanensa masu suna suka haura 2,000, kamar na Jordan, sunaye biyu masu kama da juna sukan cakuɗe, kuma neman inda aka fara ambaton wani a cikin awa 40 aiki ne ja. Su ma masu karantawar mutane ne. Jerin da aka shafe shekara 20 ana naɗa shi ba ya rasa sauyin lafazi, suna ya fito wani iri a littafi na huɗu, wani iri a na tara. Masu sauraren Dotrice sun koka cewa muryoyin wasu taurarin sun sauya a littattafan baya. Shi kansa ya rasu a 2017, kafin littafi na shida ya fito, don haka duk wanda zai ƙarasa jerin zai gaji kunnuwan da suka saba da wani.

Akwai masu ganin saurare ba karatu ba ne, ragwanci ne. Bincike bai goyi bayansu ba. A 2019 masana a Jami'ar California da ke Berkeley sun auna ƙwaƙwalwar mutane suna saurarar labarai, suka sake aunawa suna karanta su, suka tarar sassan da suke sarrafa ma'ana kusan ɗaya ne a hali biyun. Bahaushe dai ba ya buƙatar na'ura ta gaya masa wannan. Mutane da yawa sun san Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne ta bakin malami a aji ko yaya a tsakar gida, kuma gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna karanta ƙagaggun labarai kashi-kashi, mata na aikin gida suna bi. Abin da yake rage fahimta shi ne raba hankali. Wanda ya sa littafi a kunne yana amsa saƙonnin waya zai farka ya tarar an yi yaƙi an gama, bai san wanda ya ci ba.

Taƙaitawa ma ta dawo da sabon salo, wannan karon daga hannun mai saurare. Manhajojin yanzu suna bari a ƙara saurin murya ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, wasu har alfahari suke yi da yawan littattafan da suka cinye a wata. Kalmomin duka suna nan, amma shirun da mai karantawa ya bari kafin mummunan labari ya tafi, muryar tsoho da ta yaro sun koma tsuwa iri ɗaya. Ƙara sauri kaɗan ga mai karatu mai jan jiki ba laifi ba ne. Ninki biyu kuwa ɓarnar aikin da aka biya kuɗi aka saya ne.

Mai son farawa ya duba rubutun da ke jikin littafin ya tabbatar cikakke ne, ya saurari ɗan samfurin muryar da ake bayarwa kyauta kafin ya biya, domin murya ce zai zauna da ita makonni. Ya nemi taswirar littafin ya ajiye a waya, ya bar saurin yadda aka naɗa shi, ya fara da littafi ɗaya kafin ya ɗauki alkawarin jerin goma sha huɗu.