Ɗaurewar fitsari ga dattawa: an rage kuɗin asibiti, saura kunya

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin ganin likita, awo da tiyata a asibitocin gwamnati. Kafin nan, gatan da aka yi tun wajejen 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne da mata masu ciki. Tsoho shi ke biyan nasa cif. Shi ya sa muke ganin wannan rangwame ya shafi iyayenmu maza, musamman masu fama da kumburin furostat.

Furostat wata ƴar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Da shekaru sun ja sai ta girma ta matse hanyar. Wajen rabin maza ƴan shekara 60 suna da wannan kumburi. Ba kansa ba ce, ba kuma sanyin mata ba ne, balle sammu. Sai dai alamunta na kama da na kansa, likita ne zai bambanta su.

Ku mata ƴan kasuwar Dole, ku kuka fi kowa lura. Baba na tashi sau huɗu cikin dare. Ya daɗe a bayan gida. Alwala ba ta tsaya masa, har ya fara janyewa daga sahun masallaci, ya daina shan ruwa da rana ko da zafin Damagaram. Ba zai faɗa wa ɗiyarsa ba, ko kusa. Zai aika a sayo masa ƙwaya wurin mai tire, alhali wasu magungunan mura da tramadol kan ƙara ɗaure fitsarin.

Nan kuɗi ke tafiya. Wanda ya je da wuri, sau da yawa ƙwaya irin tamsulosin ta ishe shi. Wanda aka jira har fitsari ya tsaya cak, sai a ɗauko mota cikin dare daga Mirriya ko Magariya, a sa masa roba, wataƙila a yi aiki, wani lokaci ƙoda ta riga ta taɓu. Jarin ɗiya ko kuɗin adashenta ne ke biya.

Babban asibitin ƙasa na Zinder yana da sashen likitocin mafitsara. Idan maganar ta yi maki nauyi, tura ƙanensa ko amininsa ya yi masa ita.