Zanen Ambaliya A Kasuwar Kifi

A wata rumfa cikin kasuwar kifi ta Baga Road, a Maiduguri, bisa kwalayen banda, an rataye wani zane wanda wani mai fentin alluna ya yi a kan falanki. Garin ne tsundum cikin ruwa, watau ambaliyar ran 10 ga watan Satumba, 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya ci Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga har fadar Shehu.

Launin ruwan shi ke fara kama ido. Mai zanen bai yi shi shuɗi ba, irin yadda akan zana Tafkin Chadi; ya yi shi kamar kunun kanwa. Mutanen da ke cin abinci da kifin Baga ba sa bukatar mai fassara. Sun san ruwan da ke ciyarwa, sun kuma san wannan, wanda ya ratsa kwata da makabarta, ya saki kadoji da macizai daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi.

Tsakiyar titi ga kwalekwale ɗaya, matuƙinsa ba shi da fuska. Watakila hannun mai zanen ne ya gaza, gama hasumiyar masallacinsa ma ta ɗan karkace. Amma gazawar ta dace da gaskiya: da yawa cikin waɗanda suka tsamo jama'a a kwanakin nan, ba wanda ya riƙe sunansu.

Ba mai kuka, ba mai gudu. Zanen shiru ne, irin shirun gidan makoki bayan masu ta'aziyya sun watse.

Inda gardama take kuwa shi ne sararin sama. Garau yake, ko ƙwayar hadari babu. Wasu 'yan kasuwa na cewa alamar rahama ce bayan tsanani. To, amma mai lura zai ga zargi. Lalle daminar waccan shekara ta yi ƙarfi, sai dai mai zanen ya ƙi ɗora wa sama laifin. Madatsar nan ta taɓa aiko wa garin ruwa a 1994, aka kuma sami shekara 30 cur na gyara.

Ita madatsar ba ta cikin zanen. Ruwan dai ya kwararo ne daga gefen falankin, inda fenti ya ƙare.