RA'AYINMU: Takardar Tara Da Mutuncin Direba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ta Dambatta, ko hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ya san cewa da wuya mota ta yi tafiyar minti biyar ba ta ratsa wani ƙauye ba. Ƙasar arewacin Kano cike take da jama'a, gonaki sun zo har bakin kwalta, yara na tsallakawa zuwa makaranta, amalanke da jakuna na ɗauke da taki, ga kuma 'yan kasuwa da dabbobinsu ranar da kasuwa ke ci. Duk da haka wasu direbobi, har da ma'aikatan gwamnati masu sammakon zuwa ofis, suna bin waɗannan hanyoyi kamar babu kowa a kansu.

Doka ba ta bar maganar a duhu ba. Ƙaramar mota ta gida ba ta da izinin wuce kilomita 50 a awa cikin gari, ko kilomita 80 a babbar hanya, ko 100 a tagwayen hanya. Wannan ƙa'ida tana da dalili. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai ga birki ya riga ya wuce tsawon gida guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da na 65.

Saboda haka ne aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, Jihar Kano kuma ta kafa KAROTA a 2012. A jadawalin dokar hukumar tarayya ta 2007, laifin wuce ƙa'idar gudu ya jawo tarar naira 3,000 da maki 3, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000 da maki 10. Mutane da yawa kuɗin kawai suke dubawa, su manta da makin. Alhali makin taruwa yake a kan lasin direba: daga 10 gargaɗi ne, daga 15 a dakatar da lasin, daga 21 kuma a karɓe shi. Direban haya ko direban ma'aikata da aka karɓe wa lasi ya rasa hanyar cin abincinsa ke nan.

To, mene ne ya kamata wanda aka tsayar ya yi? Da farko ya tsaya, ya kashe mota, ya miƙa takardunsa ba tare da cacar baki ba. Sa'an nan ya karanta takardar da aka ba shi, ya tabbata lambar motarsa da sunansa da laifin da aka rubuta daidai suke. In ya amsa laifinsa, ya biya ta hanyar da gwamnati ta shimfiɗa, wato ta banki ko ta Remita zuwa asusun gwamnati, ya adana rasit, ya je ya karɓo takardunsa da aka riƙe. In kuwa yana ganin an zalunce shi, yana da ikon kai maganar gaban kotu ya kare kansa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne hanya ta uku wadda ta zama ruwan dare: a dunƙule 'yan kuɗi a miƙa wa ma'aikaci, ko a kira wani babba a waya a ce a sake shi. Ma'aikacin gwamnati da ya nuna katin aikinsa don ya kuɓuta daga tara ya zubar da mutuncin aikin da yake tinƙaho da shi, ya kuma koya wa ɗalibin da ke kallonsa cewa doka ta talaka ce.

Maganar inshora ma tana nan. Tun 1945 doka ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga ƙaramar mota maimakon 5,000, diyyar dukiya kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Gaskiya ne takardar tara ɗaya ba ta ƙara wannan farashi. Amma haɗarin da gudu ke jawowa yana hana mai cikakkiyar inshora rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba, kuma kamfani na iya ƙin biya in mai tuƙin ba shi da lasi mai aiki. Mafi muni shi ne takardar jabu da ake saya a bakin ofishin lasi. Ranar da mota ta take shanun huɗar manomi a Makoɗa ko Kunchi, wannan takarda ba za ta biya ko kwabo ba, sai mai mota ya sayar da abin hannunsa. Kowa na iya bincika sahihancin inshorarsa a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, wanda kuma yake da shakka ta fuskar addini, ga kamfanonin takaful nan.

Muna kira ga Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi su kafa alamun ƙa'idar gudu a mashigar kowane ƙauye da gaban kowace makaranta, domin bai dace a ci mutum tarar ƙa'idar da ba a nuna masa ba. Muna kuma kira ga ma'aikatu su riƙa duba lasi da inshorar direbobinsu kowace shekara, hukumomin hanya su hukunta ma'aikacinsu da ya karɓi na goro, ƙungiyar direbobi ta tsawata wa 'ya'yanta a tasha. Ɗaliban Bichi da Dambatta da ke hawa motocin haya su ma kada su ji nauyin ce wa direba ya rage gudu, domin rayukansu ne a cikin motar.