Kiranyen kayan nutso: abin kunyar yana cikin jinkiri

A watan Fabrairun 2003, hukumar CPSC mai sa ido kan ingancin kayan da ake sayar wa jama'a a Amurka ta sanar da janye wata ƙaramar kwamfuta da masu nutso a teku ke ɗaurawa a hannu kamar agogo. Sunanta Aladin Air X Nitrox, ƙirar kamfanin Uwatec na Suwizalan. Guda 390 ne ko kusan haka, kuma an ƙera su tun 1995. Wannan tazara ta shekara takwas ita ce ta fi damuna a labarin.

Sai mun fahimci aikin na'urar kafin mu gane girman aibin. Duk mita 10 da mutum ya gangara cikin teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a tudu, kuma sinadarin naitirojin na iskar da yake shaƙa yana narkewa cikin jininsa da tsokarsa. Idan ya taso da gaggawa, ko ya koma ruwa kafin jikinsa ya fitar da saura, naitirojin ɗin yakan zama kumfa a jiki, kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya. Sakamakon yakan kai ga ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, har mutuwa. Kwamfutar ce ke wannan lissafi, ta gaya wa mai ita yaushe zai taso, yaushe zai iya komawa.

An yi Aladin ɗin ne don masu shaƙar nitrox, iskar da aka ƙara wa oksijin aka rage mata naitirojin. Kuskuren manhajarta shi ne, ko mutum ya fito tudu yana hutawa, tana ɗauka cewa nitrox yake shaƙa, alhali iskar duniya yake shaƙa, wadda kashi 78 cikin ɗarinta naitirojin ne. Sai ta ba shi izinin komawa ruwa da wuri. Sanarwar ta ambaci rahoto biyar na waɗanda suka kamu da ciwon, kuma wasu sun kai ƙara suna zargin kamfanin ya san da matsalar shekaru kafin ya yi magana.

Tiyo da ke yoyo, ko tukunyar iska da ta yi tsatsa, mai hankali zai iya ganinsu. Lissafin da ke cikin manhaja kuwa ba mai gani sai wanda ya rubuta shi. Saboda haka ban yarda da masu kallon kiranye a matsayin tozarci ga kamfani ba, domin irin wannan kallo ne ke koya wa kamfanoni yin gum. A 2017 kamfanin Suunto na Finland ya kira na'urorinsa masu aika bayanin matsin tukunya, bayan murfin guda biyu ya fashe lokacin gwaji a tudu. Da zan sayi kayan nutso, wannan zai ƙara mini natsuwa da su ne.

Sai dai sanarwa takan isa ga wanda ya saya sabo ya yi rajistar sunansa. Kayan nutso suna da tsada kuma suna daɗewa, don haka sukan wuce hannu zuwa hannu, wasu su ƙare a shagunan haya na bakin teku. Wanda ya karɓi haya na yini guda ba zai duba lambar ƙirar ba. Mai shagon ya kamata doka ta ɗora wa wannan nauyi, ta kuma hana shi ba da hayar duk abin da aka yi wa kiranye har sai an gyara.