Martani: Ritalin Ba Tiramadol Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka kira Ritalin, maganin da ake ba yara masu rashin natsuwa, ƙwaya, ka ce likitoci na mayar da yara 'yan maye. Ka yi kuskure babba. Fargabar iyaye tana da tushe, domin mun ga ɓarnar kodin da tiramadol. Amma Ritalin likita ke rubuta shi, ya auna nauyin yaro da bugun zuciyarsa, ya rage idan barci ko cin abinci ya ragu. Tun 1937 likita Charles Bradley ya ga magani irinsa yana natsar da yara a Amurka. Ɗan ƙanwata, wanda bulala ta kasa zaunar da shi a aji, tun da ya fara shan sa yana gama jingarsa kafin magariba. Iyaye, ku kai fargabarku gaban likita.