Hoton Tsuntsu a Gaban Wata Ba Wasan Yara Ba Ne

A zamanin nan masu ɗaukar hoto suna da wata sha'awa, watau su kama surar tsuntsu daidai lokacin da ya gilma ta gaban wata. Waɗansu sun ɗauki abin wasa ne na marasa aikin yi. Mu dai a ganinmu, idan malaman makarantun ƙasar Funtuwa da Malumfashi suka riƙe shi da kyau, zai zama darasi, ya kuma zama shaida mai amfani ga na baya.

Dalili kuwa shi ne, kowace shekara daga Satumba zuwa Oktoba ƙananan tsuntsaye kan taso daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara su sauko ƙasashenmu, sa'an nan su koma a Maris da Afrilu. Masana sun ƙiyasta a 2009 cewa masu yin wannan tafiya sun kai biliyan 2. Galibinsu da dare suke tafiya, can sama inda ido ba ya kaiwa. Ba mai ganinsu sai wanda ya sa madubin hangen nesa a kan wata, ya ga inuwarsu tana wucewa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A watan Oktoba na 1952 wani masani, George Lowery na Jami'ar Jihar Louisiana ta Amurka, ya sa mutane fiye da dubu suka zauna a wurare dabam dabam suna ƙirga tsuntsayen da ke gilmawa ta gaban wata. Da lissafinsu aka gane hanyoyin da tsuntsaye ke bi cikin dare. Yawancinsu ba masana ba ne. Haƙuri kawai suka yi, suka rubuta abin da suka gani.

To, aikin ba shi da wuya. A zaɓi daren 13, 14 ko 15 ga watan Musulunci, sa'ad da wata ya cika. A kafa madubin a kan abin da ba ya motsi, a ɗora idon kyamarar waya a bakinsa. Tun da tsuntsu kan ƙetare fuskar wata cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya fi kyau a ɗauki hoto mai motsi, daga baya a tsamo surar da ake so. A ɗauki wata tamkar fuskar agogo, a rubuta cewa tsuntsu ya shiga ta ƙarfe 2 ya fita ta ƙarfe 8. Ba sai an shiga daji da dare ba, filin makaranta ya isa, kuma madubi ɗaya sai ya zaga makarantu da yawa.

Amma akwai abin da muke so mu ja kunne a kansa. Da yawa daga cikin hotunan da ake yaɗawa haɗe-haɗe ne: an ɗauki wata dabam, tsuntsu dabam, an liƙa su da kwamfuta. Irin wannan ado ne, ba ilmi ba. Hoton da ba shi da kwanan wata da sa'a da sunan gari, daidai yake da takardar da ba a sa mata hannu ba, kowane akawu kuwa ya san darajar irinta. Yaron da ya koyi rubuta "ban ga kome ba" a daren da bai ga kome ba, ya sami abin da ya fi hoto.

Wani zai ce, me ya haɗa manomin dawa da auduga da wannan? Ai manomi ya riga kowa karanta tsuntsu. Tun kakanni, in an ga shamuwa sai a gyara gona, don an san damina ta kusa. Gaskiya ne shamuwa da jan baki da rana suke tashi, ba a buƙatar wata kafin a gan su. Amma baƙin dare, da yawansu masu cin ƙwari ne, kuma a cikin gonakinmu da bakin madatsun ruwa irin na Mairuwa suke kiwo. In sun ragu, ko lokacin zuwansu ya sāke, wa zai sani in ba a rubuta ba?

Saboda haka muna kira ga kowace makaranta ta buɗe littafi guda, a riƙa shigar da ranar zuwan shamuwa, da ranar ruwan farko, da lissafin daren cikar wata, tare da hotunansu. Littafin shekara ɗaya ba zai faɗi kome ba, na shekara 20 kuwa sai masana su zo nemansa. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya sa mu dace.