ABIN SANI: Kuɗɗin duwan daban, ladan gidan waya daban

Maganar wanga wata ta shahi kayan da ake saye daga ƙasashen waje, su iso ta gidan waya.

Can da, abin da mutanen Tabla da Balleyara, har Filinge da ƙasar Kurfai, sunka sani ga gidan waya shi ne wasiƙa da manda. Yaro shi tahi cin rani Abijan ko Akara ko Lome, shi aiko ma tsohonshi manda. Yau zamani ya sake. Samari suna sayen kaya ta salula daga Sin, Dubai, Turkiyya ko Faransa: hitila mai aiki da rana, rediyo, takalmi, agogo, ƙarahunan gyaran injin ban ruwa. Kayan suna zowa cikin ƙunshi, wanda ma'aikata ke ce ma koli. Ranar amsa, sai a ce ma mai kaya shi biya kuɗɗi. Nan ne gardama ke tashi. Mai kaya shina cewa: "Na riga na biya kuɗɗin kaya, na biya kuɗɗin ɗauko su. Wanga kuma na mi ne?"

Tambayar tana da kyau. Amsarta ita ce: kuɗɗin nan iri biyu ne, kuma masu su biyu ne. Ɗaya na duwan ne, ɗaya na gidan waya. Wanda ya san bambancinsu ba a cutarshi, shi ma ba shi zargin ma'aikaci a banza.

TA INA ƘUNSHI KE BIYOWA?

Ƙunshin da ya hito daga nesa, jirgin sama ne ke sauke shi a Yamai. Can ne ma'aikatan gidan waya ke amsar buhunan, su ƙirga, su rubuta, su gabatar da su ga ƴan duwan. A jikin kowane ƙunshi akwai takarda wadda mai aikowa ya cika. Sunanta CN 22 in kayan ƙanana ne, CN 23 in manya ne ko masu tsada. Cikinta an rubuta mi ke ciki, nauyinshi, da kuɗɗinshi. Ƴan duwan suna karanta ta. Doka ta ba su ikon buɗe ƙunshi in sun ga da buƙata. Bayan haka ne ake sanar da mai kaya, ta takarda ko ta salula.

NA FARKO: KUƊƊIN DUWAN

Kuɗɗin duwan haraji ne. Ba ya shiga aljihun mai sayarwa, ba kuma na gidan waya ba ne. Baitulmalin ƙasa shike tahiya, inda ake ɗebo albashin malaman makaranta da na likitoci.

Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe 8 masu kuɗɗin sefa. Tun shekarar 2015 an kasa kayan waje gida 5. Gida na farko ba shi biyan komi, kamar magani da littattahai. Na biyu shina biyan 5 bisa 100. Na ukku 10 bisa 100. Na huɗu 20 bisa 100, nan ne tuhahin da anka ɗunka da takalma suke. Na biyar 35 bisa 100. Ma'anar 20 bisa 100 ita ce: cikin kowace dala 100, dala 20 ta duwan ce.

Bisa wannan akwai wani harajin da ake kira TVA, wanda a Nijar 19 bisa 100 ne. Akwai kuma ƙananan haraji, kamar na ƙididdiga, 1 bisa 100.

A lura da abu guda: duwan ba ta lissahi kan kuɗɗin kaya kaɗai. Tana haɗa kuɗɗin kaya da kuɗɗin ɗauko su, sannan ta yi lissahinta bisa jimilla.

Ga misali don koyon lissahi. Saurayi ya sayi takalmi na jika 20, ya biya jika 5 na ɗauko su. Jimilla jika 25, wato tamma 25.000.

Duwan, 20 bisa 100 na 25.000: tamma 5.000.
A haɗa 25.000 da 5.000: tamma 30.000.
TVA, 19 bisa 100 na 30.000: tamma 5.700.
Duwan da TVA tare: tamma 10.700.

In an ƙara ƙananan harajin, abin ya kai wajen jika 11. Takalmin da ya gani a salula a jika 20 ya zama na jika 36, tun ba a yi maganar gidan waya ba. Da ya yi wanga lissahi tun farko, da ya leƙa kasuwar Balleyara ta ran Lahadi ya taya irinsu, sannan shi yanke shawara. Takardar duwan ita ke da magana ta ƙarshe kan abin da za a biya, amma mai lissahi ba shi zuwa hannu wohi.

NA BIYU: LADAN GIDAN WAYA

Ladan gidan waya ba haraji ba ne. Kuɗɗin aiki ne. Makiyayi ya san irin wannan sarai. In ya kai sa kasuwa, akwai kuɗɗin tikiti na hukuma, akwai kuma la'adar dillali. Ba wanda ke haɗa su, ko da rana guda anka biya su.

Wane aiki gidan waya ya yi? Ya kai ƙunshi gaban duwan a madadin mai shi. Ya cika takardu. Ya tsare kayan cikin mangaza. Ya neme mai su. Da babu shi, da sai mai kaya ya bi diddigin wannan duka da ƙahwarshi.

Wani zai ce: ai mai aikowa ya biya tambur can ƙasarshi. Gaskiya ne. Kuɗɗin tambur na ɗaukar kaya ne daga can zuwa nan. Aikin gabatar da su ga duwan ba shi ciki.

Wannan lada ba a Nijar anka ƙirƙiro shi ba. Gidajen waya na duniya suna da ƙungiya guda, UPU, wadda anka kafa a 1874 a garin Bern na ƙasar Suwis. Ƙasashe 192 ke cikinta. Nijar ta shiga a 1961. Dokar ƙungiyar ta yarda gidan waya shi amshi lada kan ƙunshin da ya kai gaban duwan. Amma ta sa sharaɗi: wannan lada na duwan ana amsarshi ne kan ƙunshin da anka aza ma haraji. Saboda haka, wanda ƙunshinshi ya wuce ba haraji, anka kuma ce shi biya wani abu, shina da ikon tambaya cikin ladabi: kuɗɗin mi ne, ƙaƙa sunanshi a takarda?

Ko a ƙasashen Turawa haka abin shike. A Ingila, a shekarar 2021, gidan waya fam 8 shike ɗorawa kan ƙunshin da duwan ta aza ma haraji. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, da can kayan da ba su wuce yuro 22 ba, wajen jika 14 da rabi, ba su biyan TVA. Tun 1 ga Yuli 2021 an soke wannan rangwame. Amurka ma ta soke nata rangwamen na ƙananan ƙunshi a watan Agusta 2025. Ko'ina gomnatoci sun sa ido ga kayan da ake saye ta intanet.

A Nijar, ma'aikatar gidan waya ita ce Niger Poste, sunan da take da shi tun 2005. Farashin ayyukanta a rubuce shike. Ba ciniki ake ba kamar na akuya, a taya, a ce albarka. Kowa na iya roƙon a gwada mashi takardar farashin, shi karanta da idonshi.

Abu biyu ya kamata a riƙe kan wanga lada. Na ɗaya, kan kowane ƙunshi ake biyanshi. Wanda ya sayi ƙananan kaya 5, kowane da ƙunshinshi, sau 5 za shi biya. In mai sayarwa guda ne, gara a roƙe shi shi haɗa su wuri guda. Na biyu, ƙunshin da ya daɗe ba a amsa ba shina jawo kuɗɗin ajiya. In wa'adi ya cika, ana maida shi ga wanda ya aiko. Mai hushi da ya ce ya bar masu kayan, kanshi ya cuta: kuɗɗin sayen sun tahi, kayan ma sun tahi.

TSARABA FA?

Ga wani misali. Dattijo ne, ɗanshi na aiki a Faransa, ya aiko mashi rigar sanyi da agogo. Da anka ce shi biya, sai ya ce ma ma'aikacin:

"Yaro, wannan tsaraba ce. Ɗana ya aiko min, ban saya ba."

Ma'aikacin ya ce: "Baba, Allah shi yi mashi albarka. Amma duwan ba ta tambayar wa ya biya. Tana duba mi ya shigo ƙasa, da darajarshi. Ga takardar duwan, ga tamu. Ka ba jikanka shi karanta maka lambobin."

Jikan ya yi karatun yaƙi da jahilci. Ya karanta takardar farko, ya karanta ta biyu, ya haɗa jimilla. Ta yi daidai da abin da anka faɗa. Dattijo ya biya, hankalinshi kwance.

Darasin shi ne: kyauta ma tana bi ta gaban duwan. Masu ɗiya a waje su gaya masu su rubuta gaskiyar abin da ke ciki, da gaskiyar kuɗɗinshi. In an rubuta jika 2 kan kayan jika 50, ƴan duwan suna da ikon yanka nasu farashi. Ƙarya cikin takarda tana iya jawo tara, ko a riƙe kayan.

KAYAN DA KE BUƘATAR IZINI

Manomi da makiyayi su yi hattara da abu ukku: irin shuka, maganin ƙwari, da maganin bisashe. Waɗannan ba su shiga ƙasa sai da takardun izini, don a tsare gonaki da garkuna daga cuta. Kahin a saya, a tambayi malamin gona ko likitan bisashe. Makami, ƙwaya mai sa maye, da abin da ke kama wuta, gidan waya ba shi ɗaukarsu sam.

ƁARAYIN SALULA

Akwai kuɗɗi iri na ukku, wanda ba na duwan ba, ba na gidan waya ba. Na ɓarawo ne. Wani shi kira mutum shi ce: "Alhaji, kana da koli daga waje, aiko jika 15 ga wagga lamba a hid da maka shi." In an aika, lambar ta mutu.

Ƙunshi na gaskiya shina da lambar bin sawu. Ga mahi yawansu, haruhwa 2 ne a farko, lambobi 9 a tsakiya, haruhwa 2 a ƙarshe. Na ƙarshen suna gwada ƙasar da ya hito: CN na Sin, FR na Faransa, TR na Turkiyya. Wanda bai sayi komi ba, ba kuma wanda ya ce ya aiko mashi komi, to, ba shi da ƙunshi. Kuɗɗin ƙunshi a gishen ma'aikata ake biyansu, ido da ido, a amshi resi.

RANAR AMSAR KAYA

Tahiya daga Tabla tana cin kuɗɗin mota da yinin aiki, balle lokacin noma ko girbi. Don kada a yi sawu biyu, mai kaya shi shirya haka:

1. Kahin shi tashi, shi tabbata wane gidan waya ƙunshin shike.
2. Shi ɗauki takardar ɗan ƙasa. Sunan da ke jikinta shi zama shi ne a jikin ƙunshin.
3. Shi ɗauki takardar sanarwa da lambar ƙunshin.
4. Shi ɗauki faktir, ko hotonta cikin salula. Ita ce shaidar kuɗɗin da ya saya.
5. Shi duba ƙunshin kahin shi sa hannu. In ya yage ko ya jiƙe, shi faɗa nan take a rubuta.
6. Shi nemi shaidar biya ta kowane kuɗɗi: ta duwan da ta gidan waya. Shi duba kwanan wata, jimilla, da hatimi.
7. In bai gamsu da lissahi ba, shi nemi ganin shugaban wurin. Shi yi magana da takarda a hannu, ba da hayaniya ba.

Kuɗɗin da anka biya ba resi, ba su isa baitulmali ba, ba su isa asusun gidan waya ba. Mai kaya ya yi hasara, ƙasa ma ta yi hasara. Manomin da ya sayar da damen hatsi, ko makiyayin da ya sayar da ɗan akuya don shi amshi kayanshi, ya cancanci sanin inda kowace dala ta tahi.

AIKIN WANGA WATA

Ga lissahi ga ɗaliban yaƙi da jahilci, a yi shi bisa allo. Wata mata ta sayi tuhahi na jika 8, ta biya jika 2 na ɗauko su. Duwan 20 bisa 100 ce, TVA 19 bisa 100. Tamma nawa ne kuɗɗin duwan? Tamma nawa ne TVA? Wane kuɗɗi ne ya rage ba a sa cikin lissahin ba, kuma a ina za ta ga farashinshi?

Wanda ya iya karatu shi karanta ma maƙwabcinshi wagga takarda. Sai wata mai kamawa, in Allah ya so.